Maƙwabcin da Ba Mu Sani Ba: Addinin Kirista a Ƙasarmu da Biranen da Muke Zaune

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Shugaban taro, wakilan iyayenmu sarakuna na Mafara da Bakura da Maradun, malamanmu masu daraja, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso tun daga Legas da Fatakwal da Abuja da Kaduna da Kano domin wannan zama.

Da aka sanar da batun da za mu yi magana a kansa bana, sai da wasu dattawa suka ja mu gefe suka ce, ina ruwan ƙungiyar raya ƙasa da zancen addinin Kirista, alhali ga hanyoyi sun lalace, ga magudanan Bakalori na neman gyara, ga 'yan bindiga sun hana mutanen Dakko da maƙwabtansu noma cikin kwanciyar hankali? Tambayar tana bisa hanya, ba mu kuma ga laifin masu yin ta ba. Amsar da muka ba su ita ce su tuna ranar Litinin, 22 ga Agusta, 2016.

A ranar ce aka ƙone wani gida a Talata Mafara, mutum takwas suka mutu a ciki. Asalin abin daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ne, inda aka zargi wani ɗalibi da ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), aka yi masa dukan kawo wuƙa. Wani bawan Allah, Musulmi, ya ɗauke shi ya kai shi asibiti. Da fushin jama'a ya rasa inda zai sauka, sai ya sauka a gidan mai ceton. Gwamnan wancan lokaci, Abdul'aziz Yari, wanda ɗan garin ne, ya shaida wa manema labarai cewa bayanan da ya samu sun nuna faɗa ne ya haɗa ɗalibai biyu kafin a ɗaga murya da zancen ɓatanci. Babu alƙalin da ya saurari shaida kafin a kunna wuta, a jihar da ta buɗe kotunan shari'ar Musulunci tun ranar 27 ga Janairu, 2000.

Waɗanda suke gida sun kwana cikin dokar hana fita. Mu da muke birane kuwa mun kwana waya a kunne, kowa na tambayar ɗan'uwansa ko lafiya a unguwarsu. Tsoron namu yana da dalili. A Fabrairun 2000, bayan rikicin shari'a na Kaduna, an bi 'yan Arewa an kashe a Aba. A Fabrairun 2006, bayan an ƙone majami'u a Maiduguri kan zanen ɓatanci na ƙasar Denmark, an rama a kan mutanenmu a Anacha. Mai sayar da albasa da mai canji da mai tura baro, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ne suke biyan bashin abin da aka yi a gida. To, in ƙungiya irin tamu, wadda akasarin masu ɗauke da ita baƙi ne a garuruwan wasu, ta ce babu ruwanta da wannan zance, da wa yake da ruwa?

Abin da muke son ajiyewa a gabanku shi ne, mun daɗe muna zaune da Kirista ba mu san shi ba, kuma wannan jahilci baƙon abu ne, ba gadonmu ba ne. A shekarar 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi. A cikin hirarsu Bello ya tambaye shi ko mutanen Ingila Nasɗuriyawa ne, wato mabiya tsohuwar cocin Gabas da ta bunƙasa a Iraƙi da Farisa, ko kuwa mabiya Sosinus ne, waɗanda suka ƙi aƙidar Allah uku cikin ɗaya. Clapperton da kansa ya rubuta cewa tambayar ta rikita shi, ya tsere mata da cewa su Furotesta ake kiransu. Da ya dawo karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi har da littattafan Larabci, ciki da Zabura da Linjila. Wato shekara 200 da suka wuce, jagoran wannan daula ya san rabe-raben Kirista fiye da Kiristan da ke zaune a gabansa, kuma sanin bai rage masa imani ko ƙwayar zarra ba. Yau kuwa a tara mana masu digiri 100 daga ƙananan hukumomin nan uku, waɗanda suka fitar da gwamnoni uku a jere ko kusa da jere, a ce su bambance Katolika da ECWA, sai an sha kunya.

Bari mu ɗan bi sawun yadda addinin ya shigo. 'Yan mishan na farko da suka nufi ƙasar Hausa da gaske su ne ayarin Bishop Tugwell na CMS, waɗanda suka shiga Kano a 1900, Sarki Alu ya ba su kwana uku su fice. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903, Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin Musulunci ba, kuma bisa wannan alkawari aka daɗe ana tsare 'yan mishan daga masarautu. Saboda haka Kiristanci bai zo mana ta bakin mai wa'azi ba tun farko. Jirgin ƙasa ne ya kawo shi, lokacin da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya zo da akawu da makaniki da wakilan kamfanonin gyaɗa da auduga daga Kudu. Sannan cuta ta buɗe masa ƙofa ta biyu: a ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare a Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano. Dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, mutanen da muka riƙa miƙa wa sadaka daga nesa, su suka zauna suka wanke musu gyambo. Asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943 da asibitin Galmi da ke Nijar na 1950 daga wannan tushe suke, kuma da wuya a rasa a zauren nan wanda bai taɓa kai tsohonsa ɗaya daga cikinsu ba. Mu nan yankin, babbar haɗuwarmu da su ta zo ne da aikin madatsar Bakalori, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya yi tsakanin 1974 da 1978, ya tara ma'aikata daga kowane lungu na Nijeriya. Wasunsu ba su koma ba. Jikokinsu a Mafara aka yanke musu cibiya, Hausarsu ma irin tamu ce, har da karin harshen.

Akwai kuma wata kafa da ba a cika ambato ba, wadda ta ɓullo daga cikin gida. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa (AS) ya kai shi ga fifita shi fiye da yadda malamai suka yarda. An kashe shi a Kano, almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu wajen Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Miller a Zariya, daga nan aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya tashe su, a ƙarshe suka tare a Wusasa bayan mishan ta koma can a 1929. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya zama likitan Sardauna, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa ne Dokta R. A. B. Dikko, wanda yana cikin waɗanda suka aza harsashin Jam'iyyar Mutanen Arewa. Sai kuma Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda kakanninsu suka riƙa biyan jiziya suna zaune lafiya a ƙarƙashin daula, da yawansu suka shiga coci a rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce. Duk wanda ya ce Bahaushe ba ya zama Kirista, bai karanta tarihin Arewa ba. Yana iya ƙin abin a ransa, amma ba zai iya share shi ba.

Nan ne muka fi son mu daɗe, domin nan ne haɗuwar addinan biyu ta fi zurfi, wato a cikin harshe. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya jiƙa shi shekaru ɗaruruwa. Ba su da wata kalma ta kiran Mahalicci sai Allah da Ubangiji. Annabi, mala'ika, addu'a, azumi, sadaka, zunubi, tuba, gafara, sujada, Attaura, Zabura, Ruhu, duka daga rumbunmu suka ɗebo. Ɗakin ibadarsu majami'a suke ce masa, ɗan'uwan jam'i da Juma'a ke nan a asalin Larabci. Inda suka kauce da gangan shi ne suna: suka zaɓi Yesu maimakon Isa, domin su nuna cewa wanda suke nufi ya bambanta da yadda Alƙur'ani ya siffanta shi. A ƙasar Malesiya sai da aka je har kotun ƙoli, a 2013 da 2014, kan ko jaridar Katolika tana da ikon rubuta kalmar Allah, aka kuma hana ta. A ƙasar Hausa kuwa matan zumunta suna buga tulu suna rera sunan Allah kowace Lahadi tun zamanin kakanni, kuma abin bai taɓa zama shari'a irin wannan ba. Har wasu manyan ɗarikunsu sunan Hausa gare su, kamar HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, da EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa.

Wannan kusanci alheri ne, kuma tarko ne. Kalma ɗaya ce a baki, ma'ana biyu a zuciya. Idan Kirista ya ce ceto, yana nufin mutuwar Yesu a kan gicciye ta ɗauke zunubin wanda ya ba da gaskiya. Idan muka ce ceto, muna nufin roƙon da Manzon Allah (SAW) zai yi wa al'ummarsa ranar tsayuwa da iznin Ubangiji. Su sun ce Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi a rana ta uku. Mu mun ce bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba uba, ba a kashe shi ba, Allah Ya ɗauke shi. Waɗannan ba ƙananan saɓani ba ne, kuma ba mu cikin masu cewa a shafa musu mai a ce duk ɗaya ne. Wanda ya ce duk ɗaya ne bai girmama ko ɗaya ba. Sai dai a lura: Kiristan da ya faɗi aƙidarsa da aka tambaye shi, aƙidarsa ya faɗa, kamar yadda Musulmin da ya musanta gicciye a Inugu ba zagin kowa ya yi ba. Da yawan rigingimun ɗakunan kwanan ɗalibai daga nan suke farawa, yaro ya ji abin da bai taɓa ji ba da kalmomin da ya saba da su, ya ɗauka zagi ne. Zagi kuwa na gaskiya, in ya auku, malamanmu na Malikiyya ba su bar hukuncinsa a hannun taron jama'a ba. Na alƙali ne, da shaidu, da ba wanda ake tuhuma damar magana.

Su a nasu ɓangaren akwai waɗanda suka yi wahalar saninmu. Cocin Katolika, a babban taronta na Batikan a 1965, ta fitar da matsaya a rubuce cewa tana duban Musulmi da girmamawa. Limaman ɗarikar Dominikan daga Amurka da suka zauna Gusau tun shekarun 1950, waɗanda a hannunsu yankin Sakkwato ya zama dayosis a 1964, sun fitar da Fada Joseph Kenny, wanda ya koyi Larabci har ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani zuwa Turanci. Risalar da muke buɗewa a zaure bayan Ishmawi da Iziyya, ita ɗin dai. Ko da wace niyya ya yi, ya dai karanta namu.

To amma mu mazauna birane, Kiristancin da muke karo da shi kullum ba na Wusasa ko Amanawa ba ne. Na Fentikostal ne, mai lasifika da kwanan coci da alkawarin warkarwa da arziki, wanda ya cika hanyar Legas zuwa Ibadan da manyan sansanoni. Shi ba ya jin nauyin wa'azi a cikin mota ko ofis, kuma irin wannan salo ne ya haɗu da fushin Kanawa a Oktoban 1991, lokacin da aka shirya taron Bajamushe Reinhard Bonnke, aka yi asarar rayuka masu yawa. Abin da ba mu cika sani ba shi ne, tsofaffin majami'u su ma suna kuka da shi, domin 'ya'yansu yake kwashewa. Ya ma shafi Musulmin Kudu: ƙungiyar NASFAT da aka kafa a Legas a 1995 ta sa babban zamanta na addu'a ranar Lahadi da safe, daidai lokacin da maƙwabta suke tafiya coci. A Legas ɗin nan akwai har waɗanda suka cakuɗa addinan biyu suna kiran abin Kirislam, su karanta Alƙur'ani su karanta Baibul a zama ɗaya, abin da malamai da fastoci suka haɗu a kan ƙinsa.

Bayan waɗannan kuma ga na uku, wanda ba ya da masallaci ba ya da majami'a. Waɗanda suka yi jami'a a Kudu sun san allunan Eckankar, wadda Ba'amurke Paul Twitchell ya kafa a 1965, da na 'yan Saƙon Grail masu cibiya a Iju ta Legas, da AMORC. A da sai ka je ka same su. Yanzu wayar hannu ta kawo jikokinsu har ƙuryar ɗaki: masu cewa tunaninka shi ne ke jawo maka arziki, masu duba taurari, masu koyar da cewa kowa da gaskiyarsa kuma ba a bukatar Annabi ko Littafi. Fadar Paparoma ta ga abin ya kai har ta fitar da takarda ta musamman a 2003 tana gargaɗin mabiyanta. Kada mu yi dariya mu ce matsalarsu ce. A TikTok, mai sayar da man shafawa na mu'ujiza da mai sayar da laƙanin farin jini da mallaka layi ɗaya suke, lambar asusu ɗaya suke liƙawa a ƙasan hoto, kuma mai neman haihuwa ko aiki ko biza ba ya tambayar addinin mai magani. Iyayenmu sun san wannan tun zamanin bori da boka, tufafi kawai ya sauya. A wannan fage, limamin unguwa da faston ECWA abu guda suke tsoro: yaron da ya bar salla ko sujada, ba don ya koma wani addini ba, don dai ya ga babu wanda ya iya amsa masa tambaya. Mun ga irin yaran nan a gidajenmu na birni, suna jin Turancin masu wayo fiye da Hausar malaminsu.

Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda suka nuna mana iyakarmu. Da suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agusta, da suka ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun a farkon Satumba na shekarar, ba su tsaya tambayar kalmar shahada ba. Amma a ƙasashen waje labarin Arewa yana isa ne a matsayin labarin kisan Kirista, har Amurka ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini a 2020, ta cire ta a 2021, ta mayar da ita a 2025. Muna jin zafin wannan, domin mun san gawarwakin da muka binne. Sai dai duk lokacin da muka tashi kare kanmu, ana buɗe mana shafin Mafara 2016 da na Sakkwato a Mayun 2022, mu rasa ta cewa. Abin da muke iya ɗagawa shi ne irin aikin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Shi ma bin sawu ya yi. Sarkin da ya ba sahabbai mafaka a Habasha Kirista ne lokacin da suka isa gare shi, kuma Suratu Maryam Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa.

Kiristocin da ke zaune a jiharmu suna da koke-koken da suka daɗe suna maimaitawa: wahalar samun fili da takardar izinin gina majami'a, da rashin malaman addininsu a makarantun gwamnati. Kafin mu yi saurin cewa ƙarya ne, mu tuna yadda muke ji idan aka hana mu filin masallaci ko maƙabarta a wani gari na Kudu, da yadda muke yawo ofis-ofis da takarda a hannu. Mun fi kowa a zauren nan sanin ɗanɗanon zama 'yan tsiraru, mu da muke yin sallar Idi bisa alfarmar wani basaraken da ba ya salla.

Saboda haka muna roƙon kwamitin ilimi ya duba abu biyu kafin taro na gaba. Ɗaliban da ƙungiya ke ba tallafin karatu, musamman masu tafiya jami'o'in Kudu da na tsakiyar ƙasa, a haɗa su da malami masani na kwana biyu ko uku kafin su tafi, ya faɗa musu abin da Kirista ya yi imani da shi yadda Kiristan zai ji ya ce haka ne, ya kuma faɗa musu amsar Musulunci, ya nuna musu ƙofar da ake bi in an ji abin da bai dace ba. Na biyu, shugabannin rassanmu na birane su san shugabannin majami'un unguwanninsu tun ana zaman lafiya, kamar yadda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fara a Kaduna a 1995 bayan kowannensu ya yi asara a rikicin Zangon Kataf, su kuma iyayenmu na gida su san na Mafara. A daren 22 ga Agusta, 2016, da yawanmu mun riƙe waya muna neman wanda za mu kira a wancan ɓangare, muka duba sunaye daga sama har ƙasa ba mu sami ko ɗaya ba. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, kowane reshe ya rubuta sunan wanda zai ɗauki wannan aiki kafin a tashi.